Tambayoyi da Amsoshi Kan Zafin Injin Tsohon Jirgin Jan Masu Sulu a Ruwan Jidda

Waɗannan tambayoyi ne da 'yan uwa masu kula da jiragen ruwa a Abhur, arewacin Jidda, suke yawan kawo mini, wasu a bakin ruwa, wasu ta waya bayan abin ya riga ya faru. Jirgin da ake magana a kansa shi ne ƙaramin kwale-kwalen nan mai gudu da aka ƙera domin jan masu wasan sulu a kan ruwa, wanda injinsa yake zaune a tsakiyar jirgi cikin akwati, sandar ƙarfe ta fita daga giya ta huda ƙasan jirgi zuwa farfela. Yawancin tsofaffin da ake gani ƙirar Amurka ne, irin su Ski Nautique na kamfanin Correct Craft da MasterCraft da Supra da Malibu, kuma injinsu mai silinda takwas ne, ko dai Ford 351 ko Chevrolet 350, wanda kamfanoni irin su PCM da Indmar suka mayar na ruwa.

Me ya sa wannan injin ba shi da lagireto da fanka, kuma da me yake hucewa?

Wanda ya saba da mota idan ya buɗe akwatin injin, abin da ya fara nema shi ne lagireto, sai ya tarar babu. Ruwan da jirgin yake tafiya a kansa shi ne lagiretonsa. A ƙasan jirgi akwai kafa mai rariyar ƙarfe, daga nan tiyo yake ɗaukar ruwa ya bi ta matata idan an sa ta, ya ratsa ƙaramin bututun da yake sanyaya man giya, ya isa famfon zuƙo ruwa, wanda a cikinsa akwai roba mai fikafikai da ake kira imfela. Wannan famfo yana tura ruwan zuwa gidan tamostat, wato ɗan bawul ɗin da yake buɗewa idan inji ya kai wani zafi, famfo na biyu mai kama da na mota ya zagaya da shi cikin bulok, wato gangar jikin inji, da kawunan silinda, sa'an nan ruwan ya shiga manifol guda biyu, wato bututun ƙarfen da suke tattara hayaƙi daga silinda, ya hau gwiwa, wato lanƙwasasshen bututun da yake kansu, ya gauraya da hayaƙi ya fita ta bayan jirgi. A wasu jiragen bututun sanyaya man giya yana bayan famfo ne, don haka yana da kyau kowa ya bi tiyon jirginsa da hannu ya san yadda nasa yake.

Duk wanda ya riƙe wannan hanya a kansa ya gama rabin aiki, domin zafin irin wannan inji kusan koyaushe ɗayan abu biyu ne: ko ruwa ba ya shiga yadda ya kamata, ko ya shiga amma ya rasa mafita. Shi ya sa nake ba da shawarar a fara bincike daga ƙasan jirgi a bi ruwan har bakin salansa, maimakon a fara da kwance kan inji.

Wane zafi ne daidai, kuma daga ina ya zama haɗari?

Gejin waɗannan jirage yawanci da ma'aunin Amurka yake, wato Faranhait. Tsofaffin injina masu kafireto da suke shan ruwan teku kai tsaye suna zuwa da tamostat mai buɗewa a wajen digiri 143, kimanin 62 a ma'aunin Salshiyas, na baya-bayan nan kuma da 160, kimanin 71. Allura tana zama a kusa da wannan lamba ko ta ɗan haura kaɗan. Idan ta kai 180 a injin da ya saba zama a 150, akwai abin da ya canja, ko da bai kai ga lahani ba tukuna. Idan ta doshi 200, wato kimanin 93, a sauke totur a kashe inji.

Dalilin da ya sa ake barin injin ruwa ya yi sanyi fiye da na mota shi ne, ruwan gishiri idan ya yi zafi sosai yana ajiye gishiri da farar ƙasa a jikin hanyoyin ruwa, su taru su toshe su. Wannan ya fi damun mu a nan, domin gishirin Bahar Maliya ya kai wajen kashi 40 cikin 1000, alhali matsakaicin na manyan tekuna 35 ne, kuma da bazara ruwan Abhur yakan kai digiri 30 ko sama da haka. Jirgin da aka ƙera don tafkunan ruwan daɗi masu sanyi, a nan yana aiki ne da ruwan da ya fi ɗumi kuma ya fi cin ƙarfe, saboda haka ƙaramin aibin da zai ɓuya shekara biyu a can, a nan wata ɗaya ya ishe shi ya bayyana.

Ina cikin teku allura ta tashi. Me zan fara yi?

A mayar da totur sulo, wato mafi ƙarancin gudun inji, a cire giya, a leƙa bayan jirgi a ga ko ruwa yana fita tare da hayaƙi. Idan ruwa ba ya fita, ko ƙarar salansa ta koma busasshiya mai kaifi, ko an ji warin roba tana ƙonewa, a kashe inji nan take, domin tiyon hayaƙi na roba ne kuma ruwa ne kaɗai yake hana shi narkewa. Tiyon da ya ƙone a ƙasa da layin ruwa ƙofa ce ta nitsewar jirgi. A jefa anka idan wurin ya ba da dama, don kada iska ta kai jirgin kan duwatsun murjani, a ɗaga murfin akwati a hankali a bar injin ya sha iska, kuma kada a watsa masa ruwan teku da bokiti, domin ƙarfen da ya yi zafi idan aka kwara masa ruwa yana iya tsagewa.

Bayan nan a duba ƙasan jirgi, inji a kashe, makulli a aljihu. Leda ita ce ta fi kowa laifi: takan manne a bakin kafar ruwa saboda zuƙar famfo, da zarar an kashe inji ta saki ta tafi abinta, mutum ya duba bai ga komai ba. Ciyawar teku ma tana yin haka. Idan an buɗe matata an wanke, an tabbatar fambel yana nan da ƙarfinsa, sai a tayar a zuba wa salansa ido na daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar. In ruwa bai fito ba, kada a sake gwadawa, a nemi wanda zai ja jirgin. Lambar Dakarun Tsaron Iyaka, waɗanda suke kula da ceto a teku, ita ce 994.

Ta yaya zan san ba gejin ne yake ƙarya ba?

Wannan yana faruwa, musamman a jirgin da gishiri ya ci wayoyinsa. Ƙaramar na'urar auna zafi da ake nuna ta daga nesa kamar bindiga ba ta da tsada, kuma ita ce take raba gardama: a nuna ta a gidan tamostat kusa da inda abin jin zafi yake a ɗaure, a kwatanta da abin da geji ya ce. Idan geji ya ce 200 na'ura ta ce 150, a gyara waya ko a canja abin jin zafin. Amma har sai an tabbatar, a ɗauka geji gaskiya ya faɗa.

Kowa yana cewa a duba imfela. Mene ne aibinta, kuma yaushe ake canja ta?

Suna da gaskiya, domin ita ce ta fi kowane abu yawan jawo wannan matsala, kuma tana cikin mafi araha. Fikafikanta na roba suna lanƙwashewa a jikin gidan famfo yayin da take juyawa, ta haka take zuƙo ruwa, kuma ruwan da take zuƙowa shi ne yake sanyaya ta yana rage mata goga. Idan aka tayar da inji a kan tirela ba ruwa, ko da na rabin minti ne don a ji ko batir yana da ƙarfi, robar takan ƙone ta taurare, fikafikan su fara tsagewa daga gindi. Wannan ɗabi'a ta "bari in ɗan taɓa shi in ji" ta kashe imfela fiye da tsufa.

Zama ma yana lalata ta. Jirgin da aka ajiye wata huɗu ko biyar a rana, kamar yadda yakan faru idan mai shi ya yi tafiya, fikafikan da suke a matse sukan sandare a lanƙwashe, su ƙi miƙewa. A ido imfela tana nan lafiya, babu fiffike ko ɗaya da ya karye, amma ba ta ba da ruwan da ake bukata. Akwai kuma wani aibi mai wuyar ganewa, inda robar take rabuwa da ƙarfen tsakiyarta, sanda tana juyawa roba tana tsaye. A riƙe ƙarfen a murɗa robar da hannu, in ta zame, ta mutu.

Ni ra'ayina a wannan ƙasa a canja ta duk shekara ba tare da jiran ta nuna alama ba, a kuma ajiye sabuwa guda a jirgi tare da gasket ɗinta, wato abin da ake sawa tsakanin murfi da famfo don hana yoyo, da sifanan da suka dace, a cikin leda nesa da rana. Wajen sa sabuwa, a shafa mata sabulun wanke kwano don ta shige cikin sauƙi, kada a shafa giris ko baƙin mai, domin suna kumbura irin wannan roba. A kuma duba cikin gidan famfon da murfinsa da yatsa. Idan yashi ya yi musu zane mai zurfi, sabuwar imfela ba za ta kama ruwa sosai ba, sai an canja murfin ko famfon gaba ɗaya. A shagunan kayan jirgi a Jidda famfo shi ne tarumba, kuma ya fi sauƙi a tafi da tsohuwar imfela a hannu, domin na Sherwood da na Jabsco da na Johnson suna kama da juna a ido amma ba sa shiga wurin juna.

Na cire tsohuwar na tarar fikafikai uku sun ɓalle. Na sa sabuwa, amma har yanzu yana zafi.

Fikafikan nan uku ba su narke ba, suna cikin inji. Dole a nemo su, a jera su a kan tsohuwar imfela har a ga ta cika. Wuraren da suke maƙalewa su ne bakin fitar famfon kansa, da tiyon da ya tashi daga famfo, da gidan tamostat, da bututun sanyaya man giya idan yana bayan famfo, da mashigar ruwa ta manifol. A cire tiyo ɗaya bayan ɗaya, a tura ruwan famfon gida ta baya, wato saɓanin yadda ruwan yake tafiya, a tare da bokiti don a ga abin da ya fito. Aiki ne mai cin rai, amma guntun roba kamar ɗan yatsa ya isa ya rage ruwan gefe ɗaya na inji.

Bayan an yi wa famfon aiki, ruwa ya daina zuwa gaba ɗaya. Me ya faru?

Akwai yiwuwar an mayar da famfon a juye. Irin famfon da fambel yake juyawa yana iya ɗauruwa ta fuska biyu, kuma idan aka kifa shi, mashiga ta koma mafita, sai ya riƙa tura iska ƙasan jirgi maimakon ya zuƙo ruwa. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne, wasu tsofaffin jiragen, musamman na Correct Craft, injinsu yana juyawa ne saɓanin na mota, don haka bakaniken da ya dogara da abin da ya saba gani yana iya kuskure. Na taɓa karɓar wani jirgi da aka canja masa imfela sau biyu da tamostat sau ɗaya a wata warsha, alhali duk abin da yake damunsa famfo ne a kife. Kafin a kwance, a yi wa saman famfo alama da fenti, a ɗauki hotonsa da waya.

Yana zafi a sulo, amma idan na ba shi wuta sai allura ta sauka. Wani kuma nasa akasin haka ne. Mene ne bambancin?

Wannan tambaya tana da amfani ƙwarai, domin lokacin da zafin yake zuwa yana nuna inda za a nema. Zafi a sulo wanda yake sauka da gudu yana nuna famfo mai rauni ko iska tana shiga ta ɓangaren zuƙa. A sulo famfon yana juyawa a hankali, ƙarfinsa kaɗan ne, amma da jirgi ya ɗauki gudu, ruwa da kansa yana turo kansa cikin kafar ƙasa ya rufa wa famfon asiri. Zafin da yake zuwa sai an yi gudu ko ana jan mai sulu yana nuna cewa ruwa yana zuwa amma bai isa ba idan aiki ya yi nauyi: toshewa a matata ko a bututun giya, ƙwarin teku masu ɓawo da suka girma a bakin kafa, fambel mai zamewa, tiyon zuƙa da ya yi laushi yana lotsewa idan famfo ya ja da ƙarfi, ko manifol da tsatsa ta cike. Tiyon zuƙa dole ya zama mai waya a cikinsa. Wanda aka sa masa tiyon mota na yau da kullum, a sulo zai ga komai daidai, da gudu tiyon ya manne kamar tsinken shan lemo da aka zuƙa da ƙarfi.

Yaya ake gane iska tana shiga, tunda ba a ganin ɗigon ruwa ko'ina?

Ba za a ga ɗigo ba, domin daga ƙasan jirgi zuwa famfo zuƙa ake yi, ba turi ba, saboda haka kafar da take wurin iska take sha, ba ruwa take zubarwa ba. Wurin da ya fi yawan yin haka shi ne murfin matata: an buɗe an wanke, zoben robar ya faɗi cikin jirgi ba a lura ba, ko ya bushe ya tsage, ko kwanon matatar ya yi ƙaramar tsaga saboda an ɗaure shi da ƙarfi. Sai kuma kilif ɗin tiyo da tsatsa ta cinye ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

Gwaji biyu nake yi. Na farko, a sa guntun tiyo mai haske, wanda ake ganin cikinsa, tsakanin famfo da gidan tamostat na ɗan lokaci, a fita da jirgin a sa wani ya zuba masa ido. Ruwa mai kyau yana tafiya a cike, idan kuwa ana ganin kumfa tana wucewa, iska tana shiga kafin famfo. Na biyu, a cire tiyo daga mashigar famfo a sa wani gajere a cikin bokiti mai lita 20 cike da ruwa, a tayar. Lafiyayyen famfo yana shanye bokitin cikin ƙasa da minti ɗaya idan an ɗan taɓa totur, kuma sai an tsaya da hannu a kan makulli don a kashe kafin ruwan ya ƙare. Idan famfo ya sha da kyau daga bokiti amma ya gaza a teku, laifin yana tsakanin ƙasan jirgi da famfo.

A gida da tiyon famfo ba ya zafi ko kaɗan, sai na sa shi a ruwa. Me ya sa?

Saboda ƙarfin ruwan famfon gida yana yi wa famfon jirgi aikinsa. Yana tura ruwa ta cikin imfelar da ta gaji, yana kuma cike kafofin da iska take shiga. Ban da haka, a kan tirela injin ba ya ɗauke da nauyin komai. Gwajin gida yana nuna cewa inji yana tashi, ba ya nuna cewa zai huce a teku.

Bakaniken mota ya ce in cire tamostat in jefar, wai a ƙasa mai zafi ba a bukatarsa. In yi?

Kada a yi. Gidan tamostat na injin ruwa an tsara shi ne ya raba ruwa biyu, wani ya zagaya inji, wani ya wuce kai tsaye zuwa manifol, kuma idan aka cire tamostat rabon yana lalacewa, ruwa ya bi hanya mafi sauƙi, geji ya nuna sanyi alhali wani ɓangaren inji yana dahuwa. Injin da kuma yake aiki cikin sanyi fiye da kima yana shan mai, yana tara baƙi a fulogi, fetur yana sauka cikin baƙin mai. Abin da ya dace shi ne a gwada shi: a rataye shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta tare da ma'aunin zafi, a ga ko ya buɗe a lambar da aka rubuta a jikinsa. Idan za a saya, sunansa a kasuwa balf al-harara, kuma a tabbatar na ruwa ne. Na mota yana buɗewa a wajen digiri 88 zuwa 90 na Salshiyas, wanda ya yi wa injin da yake shan ruwan gishiri yawa, ko da ya shiga wurin daidai.

Na canja imfela da tamostat da fambel, babu iska, amma yana zafi idan na yi gudu. Me ya rage?

A nan ne ake zuwa magana mai tsada, wato manifol da gwiwoyinsu. Su baƙin ƙarfe ne mai bango biyu, hayaƙi yana bi ta tsakiya, ruwa yana bi ta tsakanin bangon. Ruwan gishiri da zafi suna cin su daga ciki, tsatsa tana ɓarewa tana taruwa a ƙananan kafofin da suke tsakanin manifol da gwiwa, har mafitar ruwa ta ƙuntata. Ruwan da ba shi da mafita ba ya barin sabo ya shiga, komai ƙarfin famfo. A ruwan daɗi suna iya yin shekaru da yawa, amma a ruwan gishiri abin da aka saba shi ne a fara zarginsu daga shekara uku zuwa biyar, kuma fentin waje ba ya faɗin komai game da cikinsu.

Gwajin farko da hannu ake yi, cikin taka-tsantsan: bayan inji ya yi aiki, saman gwiwa ya kamata ya zama mai ɗumin da za a iya ɗora hannu a kai na ɗan lokaci. Idan ɗaya ta fi ɗaya zafi sosai, ko ba a iya taɓa ta, to ruwa ba ya wucewa ta nan. Sai a kwance gwiwar a duba kafofin, a kuma duba kaurin ƙarfen da ya raba hanyar ruwa da ta hayaƙi. Wasu suna jiƙa su a ruwan asid su sake ɗaurawa. Wannan yana buɗe hanya na ɗan lokaci, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi, kuma sau da yawa tsatsar da aka wanke ita ce take toshe ƙaramar huda. Haɗarin da ya fi zafin inji muni shi ne bangon ya huje ko gasket ya saki, ruwan teku ya gangara ta hanyar hayaƙi ya shiga silinda bayan an kashe inji. Washegari a murɗa makulli, fistin ya tarar da ruwa a gabansa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai sandar fistin ta lanƙwashe. Don haka idan sun tsufa, a canja su duka biyun tare da gwiwoyinsu da sababbin gasket. Wanda yake kula da jirgin wani ya kamata ya gaya wa mai jirgin wannan tun da wuri, ya nuna masa tsatsar da idonsa, domin kuɗin manifol ba ya kusa da kuɗin inji.

Shin zai iya zama gasket ɗin kan silinda?

Zai iya, amma shi ne na ƙarshe a jerin zargi, kuma yawanci sakamakon zafi ne, ba mafarinsa ba. Alamominsa su ne baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, fulogi ɗaya ko biyu sun fito da tsatsa ko sun yi fari fes kamar an wanke su, inji yana rawa, ko kumfa tana fitowa a tiyo mai haske da aka sa a mafitar inji alhali babu ita a mashiga. Gwajin matsin silinda yana tabbatarwa. Sai dai a tuna cewa manifol da ya huje yana ba da wasu daga cikin waɗannan alamomi, don haka a duba shi kafin a kwance kan inji. Famfon zagayawa ma yana iya lalacewa ta ciki idan gishiri ya cinye fikafikansa na ƙarfe, haka kuma taimin, wato lokacin da fulogi yake ba da wuta, idan ya yi baya sosai, ko kafireto mai ba da mai kaɗan suna ƙara zafi, amma da wuya su kaɗai su kai allura ƙarshe.

Ya riga ya yi zafi sosai sau ɗaya. Me zan duba kafin in sake fita?

A canja imfela ko da tana da kyau a ido. A cire tiyon hayaƙi a leƙa cikinsa, domin bangon ciki yana iya ɓarewa ya toshe hanya alhali waje yana nan lafiya. A duba kalar baƙin mai da na giya, a cire fulogi duka takwas a juya inji ba tare da su ba, wutar fulogi a kashe, a ga ko ruwa zai fito daga wani rami. Kafin kowace tayarwa, a kunna fankar fitar da tururin fetur na minti huɗu kamar yadda aka saba, a kuma sunsuna ƙasan akwati, domin zafi yana iya taɓa tiyon fetur.

Ko in mayar da shi mai rufaffen ruwa kamar mota?

Akwai wannan tsari, inda ruwan sanyaya inji mai magani yake zagaya bulok, ruwan teku kuma ya tsaya a cikin wani bututu mai ƙananan hanyoyi yana ɗauke zafin. Ga sabon inji ko wanda aka sake ginawa da bulok mai tsabta, a Bahar Maliya wannan kuɗi ne da aka kashe a wurinsa. Ga injin da ya shekara ashirin yana shan gishiri kuwa, ba na ba da shawara, domin tsatsar da take cikin bulok za ta riƙa ɓarewa tana toshe bututun, a koma inda aka fito. Kuma ko da wannan tsari, imfela da matata da gwiwoyi suna nan da bukatarsu, an kuma ƙara wani guntun ƙarfen zinki da gishiri yake ci a maimakon bututun, wanda ake canjawa idan ya cinye. Wanda jirginsa yake da shi, kada ya buɗe murfin ruwan yana da zafi.

Yaya ake wanke inji bayan an fito daga teku?

A ranar da aka fito ake yi, kafin gishirin ya bushe. A haɗa ruwan daɗi ta mahaɗin wanki idan jirgin yana da shi, ko ta kofin robar da ake tokarewa a bakin kafar ƙasa, ko ta bokitin da tiyo yake zuba masa ruwa. A buɗe ruwa tukuna sa'an nan a tayar, a bar shi a sulo minti goma zuwa goma sha biyar domin tamostat ya buɗe ruwan ya ratsa bulok, tunda wankin minti biyu manifol kaɗai yake taɓawa. Kada a ba shi wuta sosai, don famfon yana iya shan fiye da abin da tiyon gida yake bayarwa, kuma giya ta zauna a cire, domin robar da sandar farfela take juyawa a cikinta ruwa ne yake sanyaya ta. Idan an gama, a kashe inji sa'an nan a rufe ruwa nan da nan, kada a bar famfon gida yana tura ruwa cikin injin da yake tsaye. A yi wannan a fili, ba cikin rufaffen gareji ba, saboda hayaƙin. Jirgin da yake kwana a ruwa kuma, a riƙa nutsawa ko a ɗaga shi lokaci-lokaci a kankare bakin kafar, domin a ruwa mai ɗumi irin na Abhur ƙwarin ɓawo suna girma cikin 'yan makonni, har a cikin bututun bayan rariyar inda sai da siririn ƙarfe ake kai musu.